Fayil ɗin Rochdale: wa zai amsa tambaya idan lauyan gwamnati ya ƙi kai ƙara?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mutanenmu na Ingila, ku fito ku warware mana wani abu. Tun watan Janairun 2025 ake ta jifan firaministan Birtaniya, Keir Starmer, da maganar yaran nan mata da gungun maza suka yi shekaru suna lalatawa a garuruwan arewacin Ingila. A lokacin cewa ya yi ba a buƙatar sabon bincike na ƙasa, har ya ce masu kiran a yi bin yarima kawai suke a sha kiɗa. Da Louise Casey, wadda gwamnati ta ɗora wa aikin duba lamarin, ta gama nata rahoton a Yunin 2025, sai ga shi ya ce za a yi. Ni ba juyawar ce ta dame ni ba, ɗan siyasa ne. Tambayata ita ce: an ce shi ne shugaban hukumar gabatar da ƙara daga 2008 zuwa 2013. Idan a zamaninsa aka ƙi kai mutanen nan kotu, alhakin yana wuyansa ko ba ya wuyansa?

Nura:
Wa alaikumus salam. Malam, ai wannan ba ta buƙatar dogon turanci. Kai ne shugaba, a ofishinka aka rufe fayil, yara suka ci gaba da shan azaba. Da yana da kunya da tuni ya ajiye kujerar.

Barista Zainab:
Nura, tsaya tukuna, wane fayil kake nufi? Saboda akwai guda ɗaya da kowa ya sani, kuma labarinsa ya fi ƙarfin rufewa kawai.

A Ingila ɗan sanda ne ke bincike, amma a manyan laifuffuka ba shi ke yanke shawarar a tuhumi mutum ba. Fayil yana tafiya hukumar gabatar da ƙara, wato CPS, wadda ta fara aiki a 1986. Lauyan da fayil ya faɗo hannunsa tambaya biyu yake yi wa kansa. Hujjar nan ta isa a ce akwai kyakkyawan zaton kotu za ta kama mutumin da laifi? Idan ta isa, kai ƙarar maslaha ce ga jama'a? Idan ta farko ta faɗi, ba a ma zuwa ta biyu.

To a watan Agustan 2008 aka kama wata yarinya 'yar shekara 15 a Heywood, kusa da Rochdale, saboda ta fasa gilashin teburin ciniki a wani shagon sayar da abinci. Tana hannun 'yan sanda ta buɗe baki ta faɗa musu abin da mazan da ke wurin suke yi mata. Ba magana kawai ba, har tufafinta na ciki ta bayar, gwaji ya nuna ƙwayar halittar ɗaya daga cikinsu. A 2009 lauyan CPS na yankin ya duba fayil ya ce masu taya alƙali yanke hukunci ba za su gaskata ta ba. Aka rufe. A 2011 aka naɗa Nazir Afzal babban mai gabatar da ƙara na arewa maso yammacin Ingila, ya janyo fayil ɗin ya soke wancan hukunci. A watan Mayun 2012 kotu a Liverpool ta kama mutum tara da laifi. Ubangidansu Shabir Ahmed ya sha ɗaurin shekara 19.

Rufewar a zamanin Starmer ce. Buɗewar ma a zamaninsa ce. Kuma har yau babu wanda ya kawo shaidar cewa fayil ɗin na 2009 ya hau teburinsa a Landan.

Nura:
Anti Barista, ke lauya ce, dole ki kare ɗan'uwanki. Daga 2009 zuwa 2012 shekara uku ke nan. Wa zai biya yarinyar nan shekara ukun?

Barista Zainab:
Babu mai iya biyanta, ƙanena. Kuma ban ce ba a yi laifi ba. Cewa na yi mu san laifin waye, kuma wane iri ne.

Anti Rabi:
Ku bari in sa baki, don ni aikin da nake yi ke nan, kula da yara a gidajen da hukuma ke ajiye waɗanda aka karɓe daga iyayensu. Ba zan faɗi gari ba.

Duk wannan maganar ta lauya da fayil, ku sani yawancin yaran nan labarinsu bai taɓa kaiwa matakin fayil ba. Ga yadda abin yake. Ƙarfe goma na dare wayar yarinya ta yi ƙara, ta ɗauki jaka. Ba ki da ikon kulle mata ƙofa, ba ki da ikon riƙe ta. Ki leƙa ta taga ki ga mota a can bakin layi an kashe fitila. Abin da kawai za ki iya shi ne ki kwafe lambar mota, ki rubuta lokaci a littafi, ki kira 'yan sanda ki ce ta ɓace. Da asuba ta dawo da sabuwar waya, tana warin giya, ta ce saurayinta ne ya saya mata. Yanzu dai alhamdu lillahi idan kika kira ana ɗaukar abin da muhimmanci. Amma tsofaffin ma'aikatan da na tarar sun ce a da idan suka kira, amsar da ake ba su ita ce ai wannan kullum sai ta fita, za ta dawo da ƙafarta.

Rahoton binciken da Farfesa Alexis Jay ta yi a Agustan 2014 ya ce aƙalla yara 1,400 aka lalata a Rotherham kaɗai tsakanin 1997 da 2013. Kafin rahoton, babbar shari'ar da aka yi a garin ita ce ta mutum biyar a 2010. Ku auna 1,400 da mutum biyar. A cikin rahoton akwai yaran da aka watsa wa fetur aka ce za a cinna musu wuta idan suka yi magana. Akwai iyaye maza biyu da suka bi sawun 'ya'yansu har gidan da ake ajiye su, da 'yan sanda suka zo sai iyayen aka kama. Wannan duk bai kai ga CPS ba balle Starmer.

Hajiya Binta:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uba ya je ceton 'yarsa a kama shi?

Anti Rabi:
Wallahi Hajiya, a rubuce yake.

Dakta Musbahu:
Ni fa ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Me ya sa wannan magana ta taso a Janairun 2025? Sabon laifi aka gano? A'a. Elon Musk ne ya tashi da ita a shafinsa na X, ya zagi Starmer, ya ce a ɗaure minista Jess Phillips. Su wa ake nufi? Musulmi 'yan asalin Pakistan. Jimmy Savile, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, Bature ne, ya yi shekaru yana lalata yara a gidan talabijin da asibitoci, ya mutu a 2011 ko kotu bai taka ba. Cyril Smith ɗan majalisar Rochdale ɗin nan ne da kansa, shi ma an zarge shi da lalata yara, ya mutu a 2010, sai a 2012 CPS ta amsa cewa ya kamata a ce an gurfanar da shi tun 1970. Ga na coci-coci. Ban ga Musk ya hana kansa barci a kan waɗannan ba.

Alhaji Ɗanlami:
Dakta, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka bar ni da ɗaya rabin. Na daɗe ina tuƙa tasi a Yorkshire. Na san yadda fasinja ke shiga mota ya kalli sunanka a jikin lasisi ya yi tsit. Na san daren da wata mata ta ɗauki hoton lambata a gabana kafin ta bar 'yarta ta shiga, kuma ban ga laifinta ba. Wa ya ja mana wannan? Ba Musk ba ne. Mutanen da suka aikata ne, da hukumomin da suka yi shiru wai don kada a ce musu masu wariyar launin fata. Jay ta rubuta cewa akwai ma'aikatan da suka ji tsoron faɗin asalin mutanen. Da an kama su tun farko a matsayin masu laifi kamar kowa, da ba a kai ga shafa wa al'umma guda baƙin fenti ba. Shirun da aka ce don kare mu aka yi, mu ya fi cuta bayan yaran.

Kuma kada ka manta, wanda ya buɗe fayil ɗin Rochdale Musulmi ne, iyayensa daga Pakistan suka zo.

Dakta Musbahu:
Alhaji, ban ce a rufa wa kowa asiri ba. Amma ma'aikatar cikin gida ta fitar da takarda a 2020 ta ce yawancin masu irin wannan laifi a gungu fararen fata ne.

Barista Zainab:
Casey ta taɓa wannan takardar, Dakta. Ta ce bayanan da ke ƙasa ba su isa a yanke wannan hukunci ba, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ake zargi ba a ma rubuta asalinsu ba. Amma a yankuna uku da ta samu bayanai masu ɗan kyau, wato Manchester da kewayenta, Yorkshire ta Kudu da Yorkshire ta Yamma, ta ce yawan 'yan asalin Asiya a cikin waɗanda ake zargi ya zarce kasonsu a cikin jama'a. Ka ga ba ta ba ka duka ba, ba ta ba Musk duka ba. Rashin rubutawar kuma ba lauya ne ya hana ba. Ministocin cikin gida nawa aka yi daga 2014 zuwa yau? Kowannensu yana da ikon ya tilasta wa 'yan sanda su riƙa rubutawa.

Malam Habu:
To, mun fara yin nisa. Barista, ki dawo da mu. Kin ce mu san wane irin laifi ne. Iri nawa ne?

Barista Zainab:
Malam, misalin Savile ɗin da Dakta ya kawo shi zai nuna maka. A 2009 'yan sandan Surrey sun kai wa CPS fayil a kansa, lauya ya ce ba za a kai ƙara ba. Da asirinsa ya tonu bayan mutuwarsa, Starmer ya sa babbar lauyar ofishinsa Alison Levitt ta binciki abin da ya faru. Rahotonta ya fito a Janairun 2013, ya nuna an yi sakaci, Starmer ya fito ya ba da haƙuri da sunan hukumar. Ba a samu shaidar cewa shi ya ga fayil ɗin ba. A Janairun 2022 firaministan lokacin, Boris Johnson, ya miƙe a majalisa ya ce Starmer ya ƙi gurfanar da Savile. Bayan kwana uku Munira Mirza, mai ba Johnson shawara da ta yi shekaru tare da shi, ta ajiye aiki saboda ya ƙi ba da haƙuri a kan wannan maganar.

Wato akwai bambanci tsakanin "kai ka yanke" da "a gidanka aka yanke". Ta farko ba ta tabbata a kansa ba. Ta biyu ba ya da hanyar kauce mata. Kuma ni a ganina inda ya kamata a matse shi ba a kan fayil ɗaya ba ne, hukumar da ke riƙe da dubban ɗaruruwan ƙararraki a shekara ba mai iya karanta su duka. A kan ma'aunin da lauyoyinsa ke amfani da shi ne. Shi lauyan na 2009 ba wai ya karya ƙa'ida ba ne, abin tsoron ke nan. Yadda aka saba aunawa ya bi. Yarinya tana shan giya, tana gudu daga gida, ta taɓa yin ƙarya, ta koma wurin mutumin bayan ya yi mata, labarinta na yau ya ɗan saɓa da na jiya, sai a ce ba shaida ba ce. Alhali waɗannan su ne ainihin alamun yarinyar da aka yaudara. Masu laifin da gangan suke zaɓar irin yaran da ba mai yarda da su, hukuma kuma ta zo ta tabbatar musu da lissafinsu.

Sai a watan Oktoban 2013, yana dab da barin ofis, aka fitar da sabuwar ƙa'ida mai cewa a auna ƙarfin zargin gaba ɗaya, a daina tsayawa kan raunin yarinyar. A shekarar ne kuma aka ba wanda aka zalunta damar neman a sake duba hukuncin ƙin kai ƙara. Magoya bayansa na cewa shi ya gyara. Masu sukarsa na iya cewa me ya hana a gyara tun 2009 ko 2010? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ita nake so in ji an yi masa a gaban kwamiti bayan ya yi rantsuwa. Amma ba ta da daɗin yaɗawa a intanet kamar "ya ɓoye masu fyaɗe".

Nura:
To ke nan kowa ya wanke hannunsa. Lauya ya bi ƙa'ida, shugaba bai ga fayil ba, ɗan sanda bai kai ba. Wa aka hukunta? Ku faɗa mini mutum ɗaya.

Alhaji Ɗanlami:
A nan kam ina bayanka, ɗana. Hukumar da ke binciken 'yan sanda ta yi shekaru tana bincike a kan Rotherham, ta duba jami'ai 47, ta fitar da rahoto a 2022. Ko ɗaya ba a kora ba. Wasu sun riga sun yi ritaya da fanshonsu.

'Yan siyasar garin ne ma suka ɗan ji a jikinsu. Shugaban majalisar ƙaramar hukumar, Roger Stone, ya yi murabus ranar da rahoton Jay ya fito. Amma ka ji na Shaun Wright. Shi ne kansilan da ke riƙe da sashen yara daga 2005 zuwa 2010, daga baya aka zaɓe shi kwamishinan da ke sa ido a kan 'yan sandan Yorkshire ta Kudu. Firaminista Cameron ya ce ya sauka, ministar cikin gida ta lokacin Theresa May ta ce ya sauka, jam'iyyarsa ta Leba ta ce ya sauka. Sai ya fita daga jam'iyyar ya riƙe kujerar. Aka duba doka, ashe babu mai ikon tsige shi. Sai da ya yi mako uku, iyaye da yaran da abin ya shafa suna yi masa ihu a taro, sannan ya tafi don kansa. A Fabrairun 2015 ita dai Casey ɗin nan ta ce majalisar garin ba ta cancanci riƙe mulki ba, gwamnati ta turo kwamishinoni suka karɓe ta.

Baba Tanko:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara har na yi ritaya, don haka maganar ta taɓa ni. Barista, 'yata, abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan 'yancin da kuke cewa hukumar tana da shi. Idan minista ba zai iya cewa a kai ƙara ba, kuma ba a zaɓen shugaban hukumar, to talaka wa zai kama? A wurinmu aƙalla an san mai shi. Kwamishinan shari'a ne, gwamna ya naɗa shi. Idan ya yi wasa da shari'ar fyaɗe, ka san ƙofar da za ka je ka yi kuka.

Barista Zainab:
Baba, ina wuni. Ka fi ni sanin abin da ke bayan ƙofar nan. Sashe na 174 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba Antoni Janar na tarayya, wanda kuma shi ne ministan shari'a, ikon fara ƙara, karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin a yanke hukunci. Sashe na 211 ya ba na jihohi irin wannan. Mutum ɗaya ɗan majalisar zartarwa ne kuma shi ne mai wuƙa da nama a kan ƙara. Hannun da zai iya cewa a kai, shi zai iya cewa a janye, ranar da wanda ake zargi ya kasance na gida.

Baba Tanko:
Ba ki yi ƙarya ba. A inda na yi aiki, fayil ɗin fyaɗe mukan aika shi ma'aikatar shari'a mu jira shawara, majistare kuma ya yi ta ɗage zama. Wata shida, wata takwas. Kafin shawarar ta fito dangin yaron sun je gidan yarinyar da dattawan unguwa sau uku, an ce a rufa asiri. Ranar zama ka duba benci ba uwa ba uba. Ba wanda ya rufe fayil da hannunsa, shi ya mutu don kansa. To amma har yanzu ban ji amsar tambayata ba.

Barista Zainab:
A Ingila ma akwai Antoni Janar, ɗan siyasa ne, shi ke sa ido a kan CPS, shi majalisa ke yi wa tambaya a kanta. Abin da aka hana shi shi ne ya ce a tuhumi wane ko a saki wane, sai a 'yan wasu laifuffuka da doka ta ce sai da izininsa. Kuma sun ɗanɗana abin da matsin siyasa ke haifarwa. Bayan tonon asirin Savile kowa ya tsorata kada a ce ya ƙi yarda da wanda aka zalunta. Sai wani mutum, Carl Beech, ya fito a 2014 ya ce manyan ƙasa sun yi masa fyaɗe yana yaro, har sun kashe yara a gabansa. Wani babban ɗan sandan Landan ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce maganarsa gaskiya ce, tun ba a gama bincike ba. Aka binciki gidan tsohon hafsan sojoji Lord Bramall, yana da shekara sama da 90, aka binciki na tsohon ɗan majalisa Harvey Proctor, wanda ya rasa aikinsa da gidansa. Ɗan majalisa Tom Watson na Leba yana cikin masu hura wutar zargin manya a lokacin. Ashe duk ƙarya ce. A 2019 aka ɗaure Beech shekara 18, kuma shi kansa an kama shi da hotunan batsa na yara.

Cikin 'yan shekaru kaɗan aka tashi daga ƙin gaskata yarinyar da ta zo da hujja a hannu zuwa gaskata wanda bai zo da komai ba. Duka biyun ba hujja aka bi ba, iskar da ke kaɗawa aka bi.

Hajiya Binta:
To Barista, idan an hana 'yan siyasa taɓa fayil, me ya rage a hannunsu da za a kama su da shi?

Anti Rabi:
Hajiya, bari in riga ta. Kuɗi. Bayan 2010 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta zaftare kasafin CPS da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 'yan sanda suka ragu da kusan 20,000, aka rufe wuraren matasa a unguwanni. Shari'ar gungu ba irin ta ɓarawon waya ba ce. Sai an samu jami'in da zai yi wata da watanni yana zama da yarinya kafin ta yarda ta yi magana. Idan an canja mata jami'i sau huɗu, ta gama da ku.

Sannan ga babban binciken ƙasa da ita Jay ta jagoranta. Shekara bakwai ana yi, ya ci fam miliyan sama da 180, ya fitar da shawarwari 20 a Oktoban 2022, ciki har da a wajabta wa duk mai aiki da yara ya kai rahoto idan ya san ana lalata yaro. Har Janairun 2025 tana kukan ba a aiwatar ba. Waɗanda suka zauna a kan shawarwarin nan kusan shekara biyu su ne yanzu suka fi kowa ɗaga murya.

Nura:
Su Leba fa, jam'iyyar Starmer? Ba su ne suka kaɗa ƙuri'ar ƙin bincike a majalisa a Janairun 2025 ba? 364 da 111, na gani da idona.

Barista Zainab:
Sun kaɗa. An liƙa buƙatar ce a jikin ƙudurin dokar kula da yara da makarantu ta yadda idan ta wuce ƙudurin ya mutu, wannan dabarar 'yan adawa ce. Amma hakan bai wanke Leba ba. Majalisar Oldham ta roƙi gwamnati ta jagoranci bincike, Jess Phillips ta ce su yi nasu na gida, kamar yadda gwamnatin da ta gabata ta faɗa musu a 2022. Kuma Rotherham da Rochdale da Oldham garuruwa ne da Leba ta daɗe tana riƙe da su. Duk wanda ya ce jam'iyyar ba ta da abin jin tsoro a binciken nan bai faɗi gaskiya ba. Idan Starmer yana da abin amsawa a yau, wata biyar ɗin nan daga Janairu zuwa Yuni suna ciki, domin a nan ba lauya ba ne mai bin ƙa'ida, shi ne mai yanke shawara.

Ga kuma doka, wadda aikin majalisa ce zalla. Dokar 2003 ta ce duk wanda ya sadu da yaro ɗan ƙasa da shekara 13 fyaɗe ya yi, ba a tambayar yarda. Daga 13 zuwa 15 laifi ne, amma kafin a kira shi fyaɗe sai an shiga muhawarar ko ta yarda. Casey ta gano ana sassauta tuhuma ko a yar da ita idan an ce yarinyar tana son mutumin. Ta ce a toshe wannan, gwamnati ta ce ta karɓa. Daga 2003 zuwa 2025, shekara 22 ƙofar nan tana buɗe, gwamnatoci na jam'iyyun biyu sun wuce ta gabanta.

Alhaji Ɗanlami:
Har mu ta taɓo. Bayan abin da ya faru Rotherham ta tsananta, sai da kyamara a mota za a ba ka lasisi. Amma doka ta bar direba ya je wani gari mai sauƙi ya karɓo lasisi ya dawo ya yi aiki a nan. Ka tsaya a kowane babban titi a arewa ka ƙirga motoci masu lasisin Wolverhampton. Mu direbobi mun yi shekaru muna faɗa. Wannan ba lauya ba ne, ba ɗan sanda ba ne, ministan sufuri ne.

Dakta Musbahu:
Ni dai ina nan a kan bakata. Za ku ga yadda za a yi amfani da binciken nan a lokacin zaɓe.

Anti Rabi:
Za a yi, Dakta. Da shi da babu shi za a yi.

Malam Habu:
Barista, wannan sabon kwamitin binciken da Starmer ya ce za a kafa yana da ikon ɗaure wanda ya yi sakaci?

Barista Zainab:
A'a Malam. Yana da ikon tilasta wa mutum ya zo ya ba da shaida da rantsuwa, ya kuma kawo takardu, abin da binciken gida irin na Oldham ba shi da shi. Amma dokar 2005 da ake kafa irin waɗannan kwamitoci a ƙarƙashinta ta hana su yanke wa kowa hukuncin laifi. Ɗauri sai ta hanyar 'yan sanda. A Yunin 2025 Yvette Cooper, tana ministar cikin gida, ta ce an ware tsofaffin ƙararraki sama da 800 da za a sake dubawa, hukumar yaƙi da manyan laifuffuka ta ƙasa za ta ja ragama.

Baba Tanko:
In sun gama dubawa, wa zai ce a kai kotu ko kada a kai?

Barista Zainab:
CPS, Baba.

Nura:
Kun ji ko.

Anti Rabi:
Nura, kada ka yi dariya tukuna. Ita CPS ɗin ce ta kai ƙararrakin da aka ɗaure gomman mutane a Rotherham da Huddersfield da Newcastle bayan an canja ƙa'ida, da shaidar irin yaran da a da ake cewa ba za a gaskata su ba. Ni abin da nake so in ji daga kwamitin nan shi ne ko za a kira shugabannin sassan kula da yara da manyan 'yan sandan da suka yi ritaya, a ajiye musu littattafan dare irin wanda nake cikawa, masu lambar mota da lokaci da sa hannu, a tambaye su ina suka kai su. Sara Rowbotham, ma'aikaciyar lafiya a Rochdale, ta aika rahoto sama da ɗari a kan yaran garin kafin a yi shari'ar 2012. Kowane ɗaya akwai teburin da ya sauka a kai, kuma akwai mai teburin.